Ƙaryar da na yi wa Baba a bakin Potomac

Shekara bakwai ke nan da muka binne Baba a nan Maryland, amma har yau in na hango wata a sama da rana tsaka, sai na tuna ƙaryar da na yi masa.

Kafin ya zo Amurka ya zama mai tsaron wurin ajiye motoci a Silver Spring, Baba ya daɗe yana duba hanya a jiragen ruwan dakon kaya daga Legas. Abin da ya tsira da shi daga wancan zamani shi ne sekstan ɗinsa, wata na'urar tagulla mai madubai da ake auna tazarar abubuwan sama da ita. Ranar da ba shi da aiki, in wata da rana suka fito tare, sai ya ja ni bakin kogin Potomac a Fort Washington. Ya auna tazarar da ke tsakaninsu, ya duƙufa da fensir, can ya faɗi ƙarfe nawa ba tare da ya kalli agogo ba. Yakan ce, "Wata ba ya latti, Uwata." Sunan mahaifiyarsa na ci.

Ni ce da rawar kaina na gano wani shafin intanet mai yin lissafin nan cikin ƙiftawar ido. Ka ba shi awonka da lokaci da wuri, ya gaya maka girman kuskurenka. Baba ya yi masa kallon raini, ya yi wata guda yana bin sa da fensir ko zai kama shi. Bai kama shi ba. Daga nan ya sallama, ya naɗa ni mai shigar da lambobi a waya.

Sai lambobin suka fara lalacewa. Ɗan kuskure a awon wata kan sa jirgi ya ɗauka yana wani wuri alhali yana nesa da can, na Baba kuwa kullum ƙaruwa yake. Shafin lafiyarsa ƙalau, idon Baba ne ke tafiya. Wata Asabar ya ce, "To, me ya ce?" Na dubi waya, na dubi yadda ya rungume sekstan ɗin nan, tausayi ya kama ni. Na ce, "Ya ce daidai, Baba." Haka na yi ta faɗa har shekara biyu.

Yanzu ko masallaci za mu, sai waya ta nuna mana hanya. Da Baba na nan, ban jin zai yi faɗa da wannan. Zai dai tambaya ko akwai wanda ya taɓa bin ta da fensir.

Bara ina kwashe kaya na buɗe littafin awonsa. Ashe kowane awo sai ya koma gida ya sake lissafa shi, da manyan lambobi irin na mai fama da ido, ya rubuta ainihin kuskurensa bai rage komai ba. A gefen kowanne kuma ya ƙara layi ɗaya: "Uwata ta ce daidai."