Jirgin Baffa a Kan Sikeli

Jiya a kasuwar Bab Makka na ja wani farin yadi don in gwada ƙarfinsa, sai ya yi ƙara kamar ganga. Nan take Baffa ya faɗo mini a rai.

Ƙanen mahaifina ne, makaniken mota. A saman gidanmu na unguwar Ammariyya ya yi shekaru yana haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu. Da katako ya yi fiffiken, ya lulluɓe shi da yadi, ya shafa wani fenti mai hawa kai. Duk kusar da zai sa sai ya auna ta a tafin hannu ya ce, "Nauyi ne abokin gaba."

Ina da cikin fari na kai masa shayi, ya ce, "Yalla, 'yata, ɗaga wannan." Da hannu ɗaya na ɗaga fiffike guda.

"Kujerar baya ta abin da ke cikinki ce."

"Rufa mini asiri, Baffa, ko lilo ba zan bari a hau ba!"

Jirgin bai taɓa tashi ba. Wa zai ba baƙon makanike mai iƙama, takardar zaman ƙasa, izinin tashi? Da ya rasu, ko sadakar bakwai ba a yi ba, 'ya'yansa suka kira mai sayen tsohon ƙarfe. Da aka ɗora jirgin a sikeli babbansu ya yi tsaki. "Halas, shi ke nan, aikin banza, ko nauyi babu."

Ina tsaye da goyo suka sauke kujerar 'yata.

Allah Ya jiƙan ka, Baffa, Ya nauyaya mizaninka, tunda sikelin duniya bai san ka ba.