Gansakukar Tsamiyar Bayan Gida

Makon jiya 'yar ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'a ta nuna mini hoton wani farantin gilashi a wayarta. Ƙwayoyin cuta sun rufe shi, sai wani ɗan fili fes a tsakiya, inda ta ɗiga ruwan gansakukar itace. Ta ce gwaji suke yi, su ga ko tana kashe su. Ina kallon hoton na ji warin ƙafar Baba.

Shekarar fari ce, ina 'yar shekara tara, a ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa. Gatari ya sare shi a ƙwauri yana saro wa awaki ganye. Ciwon ya kumbura, ya fara ruɓa. Jakinmu ya mutu, asibiti kuwa tafiyar yini ce. In ƙafar ta tafi, babu mai yi mana noma ranar da ruwa ya dawo.

Kakata ta kai ni gindin tsohuwar tsamiyar bayan gida. A gefen da rana ba ta duka, wata gansakuka mai launin toka tana manne da jikinta kamar ɓawo, faɗinta bai wuce faifai ba. Ta kankari kaɗan da wuƙa, ta jiƙa a ruwan zafi, tana wanke ciwon safe da yamma.

"Kaɗan ake ɗiba, 'yar nan," in ji ta. "Tun ina amarya nake ganinta, ko tafin hannu ba ta ƙaru ba."

Kwana huɗu ruɓar ba ta tsaya ba. Na ɗauki wuƙar ba da sanin kowa ba, na kankare gansakukar tas a cikin ƙoƙo. Kakata ta dubi ƙoƙon, ta dube ni.

"To, uwar gaggawa. Wanda zai ji ciwo gobe fa?"

Baba ya tashi, da ɗingishi. Ko gansakukar ce, ko wankin ruwan zafin, ko kwanansa ne bai ƙare ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne, bayan wata biyu maƙwabciyarmu ta shigo da ɗanta a goye, ƙafarsa na ruwa, tana neman gansakukar, ta koma hannu wofi. Yaron bai ga damina ba.

'Yar ƙanena ta tambaye ni ko tsamiyar tana nan, tana son ta ɗebo samfuri. Na ce tana nan, tsakanin sababbin gidajen bulo. Duk zuwan da na yi gida sai na zagaya na duba gefen inuwar. Har yau babu komai.