Makullin Ba Madu da faifan da na saka wa fitila

Duk wanda ya taɓa shiga lambun shaƙatawa na bayan unguwarmu ya san Ba Madu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai zane a kumatu, makulli rataye a wuya kamar laya. Shida saura minti biyar zai tashi ya fara dukan guntun ƙarfen da ya rataya a jikin dalbejiya. Ko saurayi na tsakiyar rantse wa budurwa ne, sai dai ya ƙarasa rantsuwar a bakin titi.

Akwai allo a ƙofar, an rubuta a rufe ƙarfe shida na yamma. Tun zamanin dokar hana fita aka kafa shi. Dokar ta tafi, allon ya zauna. Ambaliyar da ta cinye rabin Maiduguri ta kwashe kujerun lambun da lilon yara, ta rushe katangar baya, amma ta iske allon ta gaishe shi ta wuce.

Ba Madu ba mutumin birni ba ne. Manomin shinkafa ne daga Zabarmari. Shekarar da manoma suka fita girbi da yawansu ba su dawo ba, ɗansa Inuwa na cikin waɗanda ba su dawo ba. Ya ɗauko matarsa, Ya Gumsu, suka shigo gari, ya yi rantsuwa ƙafarsa ba za ta sake taka fadama ba. Wani ya samo masa gadin lambun. Albashin ba abin faɗa ba ne, amma aikin yana tafe da ɗaki guda a gefen ƙofa. Makullin nan na wuyansa shi ne ɗakin. Shi ya sa shekara biyar bai taɓa ƙara wa kowa minti ɗaya ba.

Ni kuma Hamisu ne. Makaranta ta gaji da ni a aji huɗu, ni ma na gaji da ita, muka rabu lafiya. Ina koyon gyaran waya, wato ina koyon buɗe ta dai, rufewar ce har yanzu da sauran aiki.

Anti Agnes ce ta kawo mana wasan. Tana aiki da wata ƙungiyar agaji, ta zo da wasu fayafayan roba guda biyar, ta sa muka ɗaure kwandunan tumatir a bishiyoyi tara. Ka jefa faifai, inda ya faɗi ka sake jefawa daga nan, har ya shiga kwando. Mai ƙarancin jifa shi ya ci. Da ƙungiyarsu ta tattara komatsanta, Anti ta bar fayafayan a hannun Ba Madu ta koma garinsu.

Wata rana faifaina ya ɓace hanya ya faɗi a gaban tsohon. Bai ko tashi daga benci ba. Ya juya shi a hannu, ya wurga. Abin ya zagaye bishiya biyu kamar an aike shi, ya zauna cikin kwando. Ya ce shekara arba'in yana korar tsuntsaye daga shinkafa, mu kuma hannunmu latsa waya kawai ya iya. Sai ya yi dariya. Ya Gumsu ta leƙo daga ɗaki da ludayi a hannu, tana neman wanda ya yi dariyar, don ta manta yadda dariyar mijinta take.

Daga ranar nake kiransa Koci, shi kuma yana kirana Injiniyan Ɓarna.

Matsalar ita ce bazara. Ƙarfe huɗu a Maiduguri robar ma laushi take yi. Kafin mu tashi daga aiki ƙasa ta huce, Ba Madu ya fara dukan ƙarfensa. Shi ma da rana ba ya iya barin ƙofa, sai dai ya bi faifai da ido. Na ga idon. Na fara yi masa lauyanci: allon ya ce a rufe ƙofa, bai ce ta wane ɓangare mutane za su tsaya ba. Ya ce in bar shi da ilimin aji huɗu. Sati biyu ina masa naci, har da kawo wa Ya Gumsu ƙanƙara don ta sa baki. Ranar da ya yarda, ya rufe ƙofar muna ciki, mu shida, ya ja mu sallar magariba, ya ce da an kira isha'i kowa ya kama gabansa.

Wata guda muka yi haka. Ba Madu bai taɓa faɗuwa a wasan ba. Abin da ya dame mu duhu ne, rabin lokacin a laluben ciyawa yake ƙarewa. Nan Injiniyan Ɓarna ya nuna kansa. Na ciro 'yan fitilun nan na gindin laita, masu walƙiya ja da shuɗi, na manna su a ƙarƙashin fayafayan da salatif. Ba Madu ya duba, ya ce abin bai kwanta masa ba. Na ce Koci, tsufa ne.

Ran nan na ci alwashin sai na kayar da shi. A kwando na bakwai na zage ƙarfina duka. Iska ta ɗauki faifan, ya haura ta inda katanga ta rushe, ya bi saman layin yana walƙiya, ba ƙara, daidai kan mutanen da ke jiran isha'i a ƙofar masallaci.

A wani garin yara ne za su bi shi da gudu suna murna. A nan wani ya ce jirgin nan ne marar matuƙi, kuma ba wanda ya tsaya tambaya. Manya suka kwanta a ƙasa. Mai shayi ya bar tukunyarsa. Wata mata da goyo ta faɗa kwata ta karye a ƙafa. Kafin mu gama fahimta, 'yan sintiri na dukan ƙofar lambun. Muka bi ta katangar baya. Ni ne na farko, in ana son gaskiya.

Ba Madu ya buɗe musu. Suka tambayi wanda ya jefa, ya ce shi ne. A wajensu ya kwana. Washegari wani babba daga ofishin da ke kula da lambun ya zo, ya ga faifan, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya gwada jefawa sau biyu. Da ya gama sai ya miƙa hannu ya karɓi makullin. Kwana uku aka ba su su bar ɗakin.

Na sami Ba Madu yana ɗaure tabarma. Na ce zan je in faɗa musu ni ne.

"In ka faɗa su kama ka, sai su mayar min da makulli?" in ji shi. "Ni na rufe ƙofa kuna ciki. Ɗauki buhun can, Injiniya."

Ya Gumsu ta ci gaba da haɗa kwanukanta kamar ba na wurin. Da ta zage ni da ya fi.

A Keke Napep ɗin abokina Tahir muka kai su. Kayan duka bai cika bayan ba. Ba Madu ya nemi gadi a wurare uku, duk labarin jirgin ya riga shi zuwa, saboda haka ba sauran inda za a je sai Zabarmari, wajen ƙaninsa mai gona. Ita ma hanyar can da yamma jami'an tsaro ke rufe ta, sai safe. A hanya na yi ta zuba barkwanci, ba wanda ya taya ni. Da muka fara hango fadama ya juya fuskarsa ɗaya gefen.

Yanzu lambun yana da sabon mai gadi. Ran Asabar ana ba da hayarsa ga masu biki, da janareto da kiɗa har ƙarfe goma. Allon na nan, har an sake masa fenti.

Da muka sauke kayan a Zabarmari na ciro ɗaya daga cikin fayafayan daga rigata, na riga na cire fitilar, na miƙa wa Ba Madu. Na ce ko don tsuntsaye. Ya karɓa ya auna shi a hannu, bai jefa ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Ku juya, ɗana," ya ce. "An kusa rufe hanya."