Fulawar Ƙofar Gidan Baba Shekari

Duk wanda ya taɓa ɗaura agogo a Zariya kafin wayar hannu ta cika gari, da wuya a ce bai san Baba Shekari ba. Teburinsa yana bakin kasuwar Sabon Gari, a inuwar rumfar wani mai yadi, da ɗan akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka manta da su. Yana saurayi ya taso daga kudancin Kaduna neman aikin jirgin ƙasa. Bai samu ba, sai wani tsohon Bayarabe ya ɗauke shi ya koya masa gyaran agogo, kuma tun daga nan bai sake neman wata sana'a ba.

Gajere ne, mai sanƙo, ga son tsari kamar me. Ko takalmi ya cire sai ya jera su kai ɗaya. Amma ba agogon ne ya riƙe shi a kasuwa ba, hira ce. Mutum zai kawo a sa masa batir, aikin da bai kai shan ruwa ba, sai ya tashi da labarin siyasa, da na ƙwallo, da tarihin kakan mai yadin da ke bayansu.

Da kowa ya koma duba lokaci a waya, ciniki ya ja baya, ido ma ya fara gajiya. 'Yarsa Hephzibah, wadda ke aikin jinya a Shika, ta matsa masa lamba sai ya huta. Ya tattara ya koma gidansa da ke Hayin Dogo a Samaru.

Hutun bai karɓe shi ba. Da safe zai fito da benci ya zauna a ƙofar gida, mutane su wuce, su ɗaga masa hannu daga nesa, "Sannu da hutawa, Baba," su ƙara gaba. Bakin da ya saba aiki tun safe har yamma ya koma zaman banza. Ya yi ta nazari, irin nazarin da yake wa agogon da ya tsaya, har ya gano inda matsalar take. Ƙofar gidan fili ne fetal, jar ƙasa, ba ko ciyawa. Nan matarsa Mama Susanna ke shanya barkono, nan take watsa ruwan wanke-wanke, nan akuyarta Kyalla ke kwanciya tana tuƙa.

Ya shiga gida ya same ta tana tsince shinkafa.

"Maman Hephzi, na gano abin da ke korar mana baƙi. Ƙofar gidan nan ba ta da fara'a. Kamar fuskar mai ciwon haƙori."

Ba ta ko ɗago ba. "Ƙofar gidan ko mai gidan?"

Mama Susanna doguwa ce, kakkaura, shugabar zumuntar mata a cocinsu. In ta yi raɗa a tsakar gida, maƙwabta na ji. Baba Shekari ya daɗe da sanin ba a cin ta da gardama.

Wata ranar Asabar ya sa hularsa ya ce, "Zan shiga Sabon Gari in sayo fulawa. Mai yawa."

Fuskarta ta washe. Rabon da ya sayo wani abin girki da kansa har ta manta. Yana fita ta aro babban kasko a maƙwabta, ta sayo yis da sukari, ta gaya wa matan layin su zo da yamma akwai fanke da cincin. Wajen azahar sai ga Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida, ganye na leƙowa ta kowace kusurwa, sanƙon Baba kawai ake hangowa a tsakiya. Aka yi ta sauke shuke-shuke a cikin baƙaƙen ledoji.

Ta fito riƙe da ludayi. "Baban Hephzi, ina fulawar?"

"Ga ta kina gani."

Ta dubi ledojin, ta dube shi, ta sake duban ledojin. "To wacce ce daga ciki ake kwaɓawa?"

Ran nan matan layin sun zo, sun sha dariya a madadin fanke, sun tafi.

Wurin Bamidele ya sayo su, ɗan tsohon maigidansa da suka taso tare, wanda ke sayar da dashe a bakin titi kusa da Kwangila. Bamidele ya faɗa masa sunayensu da Turanci ɗaya bayan ɗaya, kafin ya iso Samaru duk sun zube. Sai ya raɗa musu nasa. Mai farin fure ta zama Amarya. Mai ƙaya da jan fure ta zama Suruka. Ɗaya ce kawai ya bar ta da sunanta, wata 'yar ƙarama mai rarrafe da ake kira 'yar ƙarfe goma, don wai da hantsi take buɗewa. Wannan ta shiga ransa. Kullum sai ya tsaya a kanta da agogo a hannu, ranar da hadari ya rufe rana ta makara, ya girgiza kai ya ce, "Ke ma kin zama ma'aikaciyar gwamnati."

Ya kafa turaka, ya ja zare, ya fitar da 'yar hanya daga titi zuwa bakin ƙofa, ya jera mata duwatsu hagu da dama. Ya tsinto tsofaffin tayoyi wurin mai faci ya shafe su da farar ƙasa. Dogayen shuke-shuke a baya jikin bango, gajeru a gaba, kamar yadda ake jera 'yan makaranta a hoto. In dutse ɗaya ya karkace sai ya tone layin gaba ɗaya ya sake.

Ya manta da Kyalla. Wata Lahadi suka dawo daga coci suka tarar ta yi sujadarta ita ma. Ta cinye Amarya har ƙasa, ta bi 'yar ƙarfe goma ta share, ta ɗanɗana Suruka ta bar ta. Tana kwance cikin farar taya, cikinta ya yi tulu.

Baba Shekari ya zauna a kan dutse ya dafe kai. Mama Susanna ta dubi akuyar ta ce, "Ashe dai ana ci. Na ɗauka ba su da amfani."

Washegari ya shiga daji bayan gari ya saro ƙaya, ya kewaye filin da shinge har ƙirji, ya sake dashe. Akuya ba ta ƙara shiga ba. Mutane ma haka. Masu ɗaga masa hannu a da, yanzu ko ganinsa ba sa yi. Da Bamidele ya zo duba dashensa, ƙaya ta kama masa agbada, babbar rigarsa, ta yage, ya tsaya yana kallon shingen.

"Mai agogo, ka ce mini baƙi kake so ko fursuna kake tsaro? Ko barikin soja an fi sakin fuska. Ka cire wannan abin, ka roƙi Mama ta ɗaure akuyarta."

Roƙon ya ɗauki kwanaki. A ƙarshe Mama Susanna ta yarda Kyalla ta koma bayan gida, amma da sharaɗi: a ba ta layi ɗaya ta shuka kuɓewa da yakuwa.

"A ƙofar gida? Cikin fulawa?"

"Ba kai ka ce dogaye a baya ba? Kuɓewa doguwa ce."

Dokarsa ce, ba yadda zai yi.

Damina ta sauka, ƙofar gidan ta canja kamar ba ita ba. Ja, fari, rawaya, shuɗi, har malam-buɗe-littafi suka sami wurin zuwa. Baba ya sa benci a gefen 'yar hanyar, ya sa riga mai tsabta, ya zauna jiran baƙi.

Suka kuwa zo. Na farko wasu ɗalibai mata ne 'yan jami'a. Ya ga sun tsaya, sun shigo, ya gyara murya ya fara tanadin labarin yadda ya zo Zariya. Ɗaya ta matso da murmushi ta ce, "Baba, sori, ɗan matsa kaɗan, kana shiga hoto."

Ya matsa.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu a Samaru cewa akwai wurin ɗaukar hoto kyauta a Hayin Dogo. Masu murnar gama jarrabawa, masu bikin ranar haihuwa, har wani ango Felix da amaryarsa Christabel suka zo da mai hoto da kayan canji. Baba ya yi ta matsawa da bencinsa har ya tsinci kansa a bakin kwata. Abin da ya fi ƙona masa rai, amaryar ta zagaye duk furanninsa, ta je ta tsaya jikin layin baya, ta shafa wani fure mai ruwan ƙwai ta ce wannan ya fi kowanne kyau, daga wace ƙasa aka kawo shi?

Mama Susanna ta amsa daga taga: "Kuɓewa ce, 'yata. Ki dawo bayan kwana biyu ki sha miyarta."

Ana nan bikin godiyar kaka ya matso a coci. Zumuntar mata aka ɗora wa adon bagadi, wato gaban cocin. A taronsu wata ta kawo maganar sayen furannin roba, shugaba ta buga tebur ta ce, "Roba? Ina da lambu guda a ƙofar gida?" Aka yi mata tafi. Ta so ta gaya wa mai lambun, amma kowace rana sai ta ga ba ranar ba ce.

Ranar Asabar Baba ya tafi Kwangila ɗebo taki wurin Bamidele. Yana bayar da baya matan suka iso da wuƙaƙe da kwanduna, suna waƙar yabo. Da ya dawo ya wuce gidansa bai gane ba, sai da ya kai ƙarshen layi ya juyo. Kara ne kawai a tsaye. Suruka ma ba ta tsira ba. Kuɓewa da yakuwa kuwa ko ganye ɗaya ba a taɓa ba.

"Maman Hephzi! Kyalla ta tsinke?"

Ta fito tana goge hannu. "Ba Kyalla ba ce. Aikin Ubangiji ne."

Wa zai kai ƙarar Ubangiji, kuma wurin wa?

Da safe ya je coci fuska a ɗaure. Yana shiga ya ga furanninsa sun cika gaba, tsakanin doya da buhunan masara da kajin baiko da aka kawo wa coci kyauta. Gaskiya sun yi kyau, har zuciyarsa ta fara sanyi. Sai Fasto ya hau mumbari ya ce, "Jama'a, ku dubi wannan ado. Duk daga lambun Mama Susanna ya fito. Mace mai hannun albarka! Mama, miƙe a gan ki."

Ta miƙe, ta juya hagu ta juya dama tana ɗaga hannu, mata suna guɗa. Daga sashen maza aka ji wani ya yi tari mai ƙarfi har sau da yawa, ba wanda ya kula.

Amma dattawan da ke zaune kusa da shi sun san gaskiya. Da yamma Dattijo Othniel, tsohon hedimasta, ya zo da wasu mutum biyu yi masa jaje. Suka tsaya gaban karan suna girgiza kai kamar an yi rasuwa.

"Sai haƙuri, Shekari," in ji Dattijo Othniel. "Ni bara zakarana suka kai baiko. A coci na gan shi, ya gan ni, ba wanda ya iya cewa komai."

Ɗaya daga cikin sauran ya ce ai shi bunsurunsa aka kai. Aka zauna a benci. Kowa ya kawo nasa labarin abin da zumuntar mata ta taɓa yi masa, Baba Shekari ya karɓe hirar daga nan bai sake ta ba sai da aka kira magariba a masallacin layin. Washegari suka dawo ƙarasa jajen. Jibi wani ya zo da dara. Da yake ba fure, masu hoto sun ɗauke ƙafa, benci ya koma mazauninsa na asali, har aka ƙaro na biyu.

Shuke-shuken kuma ba su mutu ba. Askin ya karɓe su, suka yi sabon toho, rassa biyu a inda da ɗaya ne. Baba ya bi su da ruwan rijiya bayan damina ta ɗauke, Mama Susanna ma ta koma juye musu ruwan wanke-wanke a ɓoye, tunda yanzu sunanta ne a kai.

Da Kirsimeti ya matso, matan zumunta suka dawo, wannan karon da sallama da durƙuso. Baba Shekari ya karɓe su a gaban dattawansa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya kafa sharuɗɗa. Shi zai yanka da hannunsa, da almakashi, ba wuƙa ba. Ba za a taɓa 'yar ƙarfe goma ba. Kuma dole Fasto ya faɗi sunan mai lambun a gaban jama'a, da babbar murya.

Aka amince. Ranar Kirsimeti ya sa babbar riga, ya zauna a layin gaba tun kafin mawaƙa su iso. Fasto ya hau mumbari, ya yaba adon, ya ce, "Wannan karon an ja mini kunne, an ce kada in manta da wani bawan Allah. Baba Shekari, miƙe jama'a su gan ka."

Ya miƙe a hankali, yana gyara wuyan riga.

"Ga shi nan," in ji Fasto. "Mijin Mama Susanna mai fulawa. An ce yana taimaka mata da ban ruwa."