Tokar Alhajin Sin

Maijidda 'yar Maraɗi ba ta iya ganin ƙarfen da ya yi baƙi ta wuce ba ta dirje shi ba. Ko tukunyar maƙwabta ce sai hannunta ya yi ƙaiƙayi. Aikatau ya kawo ta gidan Hajiya Jawahir a unguwar Jarwal ta Makka, kuma burinta ɗaya ne: ta mutu a Makka ba haƙƙin kowa a wuyanta.

A saman kabad ɗin falo akwai wani kaskon tagulla mai ƙafa uku, an yi masa ado da shuɗin tangaran, ga wata dabba mai ƙaho kwance a kan murfin. Wani alhaji daga ƙasar Sin ya bar wa mahaifin Hajiya ajiya, ya ce zai karɓa in ya sauko daga Arfa. Bai dawo ba. A gidajen da suka saba saukar alhazai ba a buɗe ajiya, ko da jikoki ne suka gaje ta. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Maijidda.

Ran da Hajiya ta tafi asibiti, Maijidda ta sauko da shi. Ta tarar da toka cike fal, ta juye a shara, ta dirje shi da tsamiya har ya yi ja.

Hajiya ta dawo ta ga kaskon, ta zauna a ƙasa.

"Ya binti, esh sawweti? 'Yata, me kika yi? Tokar turaren gidan su alhajin ce. Babana ya ce tun kakannin mutumin ake tara ta, ba a zubarwa."

"Hajiya, na zaci datti ne."

Motar shara kuwa ta riga ta wuce.

Tun daga ranar, da la'asar sai falon ya ɗauki ƙamshin wani turare da ba wanda ya sani. Murfin kan yi ɗumi, alhali ba wuta. Wata rana aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, irin ta baƙo mai kunya. Maijidda ta buɗe, ba kowa. Tana juyowa ta ga murfin a ajiye gefe, kamar an leƙa ciki.

Sai ta fara biya. Kullum takan ƙona turarenta ta zuba tokar a ciki. Shekaru ke nan, ni da muke zaune gida ɗaya da ita, da idona na leƙa, ko gindin bai rufe ba.

Tausayinta nake ji ƙwarai. Ta tsufa, tana tari. Jiya na ji ta bayan salla tana roƙon Allah kada ya ɗauki ranta tukuna.