Indararon Baba Lamidi

Har yau ban manta da ranar da Alhaji Sani tela ya shigo ofishinmu da laima a hannu, ransa a ɓace ba. Lokacin ina shekarata ta biyu da zama lauya, a ƙarƙashin wani dattijon barista da muke kira Oga, kuma ban taɓa riƙe shari'a tawa ta kaina ba. Na ƙosa ƙwarai.

Ƙorafin Alhaji shi ne maƙwabcinsa a Anguwan Rogo, Baba Lamidi, ya yi sabon rufi, indararonsa na zuba a kan katangar Alhaji. Ruwan Jos kuwa ba ya wasa. Katanga ta tsage.

"Barista, kotu nake so," in ji shi. "Ko nawa ne."

Na bayyana masa tsarin. Za mu fara da takardar gargaɗi, in bai gyara ba mu shigar da ƙara, a kai masa sammaci, sai zama da ɗage zama. Kafin ya fita har na buɗe fayil, na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

Oga ya duba fayil ɗin ya ce, "Ka je ka ga katangar?"

"Akwai hoto, Oga."

"Hoto na tambaye ka?"

Washegari na hau keke mai ƙafa uku na je. Tsagar gaskiya ce, hannuna ya shiga ciki. Amma a ƙarshen katangar akwai wata 'yar ƙofa ta langa-langa da hoton bai ɗauko ba. Ina tsaye aka buɗe ta, Hajiya matar Alhaji ta fito daga gidan Baba Lamidi da bokiti cike. Ashe gidan Alhaji babu rijiya, famfo kuma sai an ga dama. Shekara ashirin daga can suke ɗiba.

Na faɗa wa Oga a matsayin ƙaramin bayani. Ya sa aka kira Alhaji. Da ya zo, Oga ya ce masa:

"Alhaji, shari'arka mai kyau ce, za mu iya ci, ko da za ta kai damina uku. Kotu za ta iya sa shi ya juya indararo, amma ba za ta sa shi ya bar ƙofar nan a buɗe ba. Ka tambayi Hajiya inda za ta ɗebi ruwa ranar da sammaci ya isa."

"Wannan maganar maza ce."

"To, ka dai tambaye ta."

Ranar Litinin Hajiya ta zo da kanta. Ta gaishe mu da ladabi, ta ce, "Barista, ina takardun maigidan?" Na miƙa mata, raina bai so ba. Daga baya na ji mai walda ya juya indararon a yini guda, Baba Lamidi ya kawo siminti, Alhaji ya kawo yashi.

Ku da kuke sababbi a aikin lauya, ga abin da na koya. Wanda ya kawo ƙara ba lallai ne shi zai ɗauki nauyinta ba. Tun daga ranar, kafin in buɗe fayil, sai na tambayi mutum wa ke ɗebo masa ruwa.