Anini Guda a Gonar Kawu

Tun ina yaro nake son tsofaffin kuɗin ƙarfe, anini da kwabo mai huda. Shi ya sa na aro na'urori biyu masu gano ƙarfe a ƙasa, in gwada kafin in sayi ɗaya. Babbar ta wani ce da ya dawo daga haƙar zinare a Nijar, ƙaramar kuwa daga Sakkwato ta fito.

Gonar kawuna a Gangara na kai su, inda aka ce kasuwa ta taɓa ci. Ƙaramar ba ta da hankali, ko ƙusa ta ji sai ihu. Babbar ta daɗe shiru, sannan ta yi ƙara, na tona na ciro anini guda. Murna ta hana ni lura cewa manoma sun tsaya kallo.

Kafin la'asar zance ya kai har garin Isa, wai an ga zinare a gonar kawu. A ƙasarmu irin wannan magana 'yan bindiga take kira. Na bi gari gida-gida da anini a tafin hannu, ina rantsuwa har muryata ta dishe. Ba wanda ya yarda. Wani tsoho ya ce, "Wa za ya ɗauko na'ura don wanga abu?"

Kawu ya kama hannuna. "Ɗana, kai gobe ka koma birni. Ni ina za ni da iyali?"

Geron shekarar a tsaye ya bushe, ba wanda ya yi ƙarfin halin yanka shi. Aninin har yau yana wurina, ko goro ba ya saye.